Turbo na hayaƙi, aboki na cewa a ƙara wuta, uwargida na cewa a sayar

Wasiƙar wannan makon daga wani matashi ta fito, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Na rage mata tsawo, amma ban taɓa ma'anarta ba.

"Assalamu alaikum Baba. Wata takwas ke nan da na sayi Subaru Impreza WRX ƙirar 2003, mai injin lita biyu, ta ci kilomita 210,000. Tun ina yaro nake mafarkinta. Abokina na ƙuruciya ne ya raka ni muka sayo ta, shi ne kuma ya ɗaura mata wani ɗan bawul na hannu da ya ɗaga matsin turbo daga bar 0.9 zuwa 1.2, da bawul ɗin nan mai tsaki idan an saki totur, da buɗaɗɗiyar filtar iska. Da farko kamar za ta tashi sama. Yanzu tana shuɗin hayaƙi idan ta daɗe a sulo, tana shan kusan litar baƙin mai a kilomita 1,500, idan na take ta sai ta riƙa sarƙewa, in rana ta yi zafi nakan ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani, kuma takan mutu idan na zo tsayawa. In fitilar gargaɗi ta kama, sai abokin nawa ya cire kan batir ta ɗauke. Yanzu ya ce turbo ne ya gaji, mu sa babba mu sake tsara ƙwaƙwalwar motar, wato kwamfutarta. Mai ɗakina kuma ta ce in sayar, alhali ba ta san ko rabin abin da na kashe ba. Ba na son ɓatawa da abokina, ba na son rigima a gida, motar kuma ina sonta. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Na lura hayaƙin ne ya fi tayar maka da hankali, domin shi mutane ke gani su nuna ka da baki. Ni kuwa abin da ya sa na gyara zama a wasiƙarka shi ne tsakuwar nan ta cikin gwangwani. Hayaƙi zai iya jiran mako biyu, ita wannan ƙarar ba ta jira. Daga yau kada ka sake take motar nan har turbo ya cika, sai an cire wancan bawul na hannu an mayar da tiyoyin yadda kamfani ya jera su. Kafin nan ka lallaɓa ta, allurar gejin matsi kada ta haura sifili da nisa.

Ga abin da kake ji. A lafiyayyen inji, fulogi ne ke kunna wuta, wutar ta bi cakuɗin iska da fetur a jere tana tura fistin ƙasa. Idan zafi da matsi suka yi yawa, ko fetur ya yi kaɗan, ko ingancinsa bai kai ba, sai ragowar cakuɗin da wutar ba ta iso ba ya fashe da kansa, lokaci guda, tamkar an sauke guduma a kan fistin. Ba shi ne abin da kanikawa ke nufi in sun ce inji ya yi nokin ba, amma shi ne hanyar zuwa can. Yana fasa gefen fistin inda ringi ke zama, yana daddaka metal, yana ƙona gasket. Kuma duk bugun da kunnenka ya iya kamawa daga kujerar direba, gilas a rufe, salansa na ruri, ya riga ya yi tsanani. Ƙananan, sansa ce kaɗai ke jin su.

Sai ka san abin da abokinka ya taɓa, sannan za ka gane girman ɓarnar. Turbo ba sabon abu ba ne, tun 1905 wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar. Fanka biyu ce a kan sanda ɗaya: hayaƙin inji ya juya ta baya, ta gaba ta danna iska cikin inji. Sandar nan tana juyi fiye da sau 100,000 a minti, hayaƙin da ke dukanta kuwa zafinsa kan kai digiri 900, kuma ba abin da ke tsakaninta da ƙarfen da take kwance a ciki sai ɗan siririn baƙin mai. A jikin turbo akwai wata ƙaramar ƙofa, wesget, da ke buɗewa ta karkatar da hayaƙi idan matsi ya isa. A motarka, in an bar ƙofar da sifirin ɗinta kawai, wajen rabin bar za ta buɗe. Ƙwaƙwalwar mota ce ke amfani da wani ɗan bawul na lantarki tana jinkirta buɗewar har matsi ya kai wajen 0.9. Amfanin wannan tsari shi ne idan ta ji bugu, sai ta ja lokacin kunna wuta baya, in abin ya ci gaba ta sauke matsin gaba ɗaya. Kamfanin Saab ne ya yi fice da wannan dabara ta sauraren bugu a rage matsi, tun 1982. To bawul na hannu ya cire hannun ƙwaƙwalwar daga kan ƙofar. Mai gadi yana nan, yana ganin ɓarawo, amma an ɗaure masa hannu.

Cire kan batir kuma ya fi wancan ba ni haushi. Fitilar ba ita ce ciwon ba, ita ce mai kawo labari. Duk lokacin da ta kama, akwai lambar da aka ajiye, kamar P0171 da ke cewa iska ta fi fetur yawa, ko P0301 zuwa P0304 da ke nuna silindar da ke tsallake wuta. Da an cire batir, lambar ta tafi, kuma abin da ƙwaƙwalwar ta koya don kare injin ya tafi tare da ita. WRX ta shekarunka tana da wani maki da take ba kanta, wanda cikarsa 16 ne. In tana jin bugu sai ta riƙa rage shi, tana sassauta wa injin. Wanda ke da manhajar da ta san yaren Subaru zai iya karanta maka shi a minti biyar. Ku kuwa kullum sai ku goge allon ku ce yaro ya haddace. Ka sayi ƙaramar na'urar karanta lambobi, irin wadda ake soka wa a ƙarƙashin sitiyari, ka bar ta a cikin motar. In fitila ta kama, ka rubuta lambar a takarda kafin kowa ya taɓa komai.

Sarƙewar da take yi idan ka take ta, iri biyu ce, kuma jikinka zai bambance maka. In ji ka yi kamar motar ta daki bango, kanka ya yi gaba, to ƙwaƙwalwar ce ta ga matsi ya wuce iyakar da aka sa mata ta yanke fetur. Wannan zai tafi ranar da bawul na hannu ya tafi. In kuwa inda-inda take yi, tana tafiya tana katsewa, to wuta ce ba ta isa ba. Iskar da aka danne tana da wuyar ratsawa ga tartsatsi, shi ya sa fulogin da ke aiki lafiya a sulo yake gazawa idan turbo ya cika. Ratar bakin fulogin motarka tsakanin milimita 0.7 da 0.8 take, kuma tana faɗaɗa da tsufa. A ciro su huɗun, a jera su yadda suka fito, ka dube su da idonka. Wanda ya yi fari fat, silindarsa na yunwar fetur. Wanda ya jiƙe da baƙin mai, ka riƙe lambarsa, za mu dawo kansa. In lambar tsallaken wuta ta nuna silinda ɗaya, a musanya koyil ɗinta, wato abin da ke ba fulogi wuta, da na maƙwabciyarta a ga ko ciwon zai bi koyil ɗin. Gwajin nan ba ya cin ko kwabo.

Mutuwar da take yi a wajen tsayawa, ina da yaƙinin bawul mai tsakin ne. Motarka tana da sansa a bayan filta da ke auna duk iskar da ta shigo, ƙwaƙwalwa ta zuba fetur daidai da ita. Bawul ɗin kamfani, idan ka saki totur, mayar da iskar yake yi gaban turbo, lissafi bai ɓaci ba. Mai tsakin kuwa waje yake watsar da ita. An auna iska, an zuba mata fetur, sannan an zubar da ita, sai injin ya shaƙe da mai ya mutu. Ƙarar tana da daɗi, na sani, ni ma na yi ƙuruciya. Amma ko ƙarfin jaki ɗaya ba ta ƙara maka ba. Buɗaɗɗiyar filtar ma haka: ta bar akwatin da ke jawo iska mai sanyi daga waje, ta koma shaƙar zafin cikin bonet, iska mai zafi kuwa ita ce abincin bugun da muka fara da shi. In irin wadda ake shafa wa mai ce, man kan shafi sansar ya sa ta yi ƙaryar awo. A mayar da akwatin asali, a wanke sansar da feshin da aka yi dominta, kada a taɓa zaren cikinta da hannu.

Yanzu hayaƙi, inda kuɗin yake.

Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa, wannan kowa ya sani. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne turbo na iya zubar da mai alhali lafiyarsa ƙalau. Ba shi da robar da ke tare mai irin ta sauran sassan inji, wasu ƴan ringin ƙarfe ne kawai a kan sandar. Mai yana shiga ta sama da ƙarfin famfo, amma fitarsa ta ƙasa gangarowa kawai yake yi ta wani bututu ya koma cikin inji. In bututun nan ya lanƙwashe, ko ya cushe da daskararren mai, ko kuma iska ta taru a cikin injin tana turo shi baya, mai ba shi da wajen zuwa sai ya bi ta gefen ringin ya faɗa salansa. Iskar kan taru ne idan ɗan bawul ɗin numfashin inji, wanda ake kira PCV, ya toshe ko ya maƙale, ko kuma idan ringin fistin sun gaji suna barin matsi ya sulale ƙasa.

Na san wannan ne da aljihuna. Shekarun baya ina da wata tsohuwar mota mai turbo da ta yi min irin hayaƙin nan. Na sa wani turbo, bayan sati uku hayaƙi ya dawo. Na zagi wanda ya sayar min, na sake sa wani. Sai a karo na uku wani dattijon bakanike ya zare tiyon numfashin injin ya hura da baki, iska ta ƙi wucewa. Abin da bai fi tsawon yatsa ba ne ya ci min turbo biyu, kuma da na koma na duba na farkon da na jefar a lungu, babu abin da ya same shi. Wanda na zaga kuwa, sai da na je na ba shi haƙuri.

Saboda haka kada a kwance turbo tukuna. A fara da gwajin kwamfireshin, injin da ɗuminsa, totur a buɗe, silinda huɗu duka, a rubuta lambobin. Ba girman lambar ne ya fi damuna ba, kusancinsu da juna ne. In ɗaya ta yi ƙasa da ƴan'uwanta da fiye da kashi goma cikin ɗari, akwai magana. Daga nan sai gwajin yoyo, inda ake tsayar da fistin a sama a hura iska ta ramin fulogi, a kasa kunne. In iskar na fita ta bakin zuba baƙin mai, ringi ne ko fistin. In ta salansa take fita ko ta wajen shigar iska, bawul ne. In ruwan lagireto ya fara kumfa, gasket ne. Injin Subaru a kwance silindojinsa suke, biyu dama biyu hagu, fulogi a matse da jikin mota, don haka bakaniken da ba ya son wahala zai ce maka ba sai an yi ba. Ka nemi wanda zai yi. Duk shawarar da za ka yanke, ta gyara ko ta sayarwa, a kan lambobin nan take tsaye.

Lokacin da hayaƙin ke fitowa ma shaida ne. Wanda ke zuwa da tayar da mota da safe ya ɗauke bayan minti ɗaya, ko wanda ke biyo bayan doguwar gangara da ka saki totur, ya fi kama da robobin wuyan bawul da suka bushe. Wanda ke ƙaruwa idan turbo ya cika ya fi nuna ringi ko turbo ɗin kansa. Naka na bayan dogon sulo zai iya zama robobin bawul, zai iya zama magudanar man turbo. Shi ya sa ba na yarda da mai ganin hayaƙi daga nesa ya yanke hukunci.

Shi turbo ɗin, duba shi ba wuya. Injin a kashe ya huce, a cire tiyon gabansa, a kama kan sandar da yatsa biyu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne, domin a kan mai take shawagi kuma yanzu babu man, muddin fukafukan ba sa gogar bango. Motsin ciki da waje kuwa bai kamata ka ji shi ba. A haska fitila a ga ko bakin fukafukan ya gutsure. A cire intakula, wato abin sanyaya iskar turbo da ke saman injin, a karkata ta: ɗan danshin mai a tsohuwar mota ba abin tsoro ba ne, amma in ya zubo kamar an tuntsurar da kofi, da sauran bincike.

Tunda an cire tiyon gaban turbo, a dube shi da kyau. A waɗannan motocin yana bi ne ta ƙarƙashin manifol, wato bututun da ke raba wa silindoji iska, zafi da mai na shekara ashirin sun dafa shi, kuma yakan tsage daidai inda ya kama bakin turbo. Tsagar nan mugunta gare ta, domin tana bayan sansa: iskar da ba a auna ba tana shiga, ba a zuba mata fetur ba. Inji a tafiyar yau da kullum yana son iska kashi 14.7 ga fetur kashi ɗaya, amma idan turbo ya cika sai an ƙara fetur ya koma wajen 11, saboda rarar man ce ke sanyaya cikin silinda. Ka haɗa tsagaggen tiyo da ƙarin matsi da iska mai zafi, ka ga inda tsakuwarka ta fito. Hanyar kama duk wani yoyo ita ce a toshe bakin shigar iska, a buɗe murfin baƙin mai, a hura iskar da ba ta wuce bar ɗaya ba, a bi kowace mahaɗa da ruwan sabulu. Inda ya yi kumfa, nan ne.

Akwai abubuwan da ba ka tambaya ba, amma ba zan yi shiru ba. Bel ɗin tayimin: littafin motar na Amurka ya sa a canza shi a mil 105,000, wajen kilomita 168,000 ke nan, kuma shekaru ma suna cinye shi ko ba a yi tafiya ba. In ba ka da takardar da ta nuna an canza, ɗauka ba a canza ba. A injin nan in ya tsinke, fistin da bawul karo suke yi. A canza shi tare da ƙafafun da yake bi da abin ɗaure shi da famfon ruwa, domin sau da yawa ƙafar ce ke fara ci ba bel ɗin ba. Kan lagireton roba ne, yakan tsage da tsufa. Famfon fetur da filtarsa, in na asali ne, sun yi aikin da ya isa a tuhume su, kuma famfon da ya gaji ba ya nuna kansa sai lokacin da aka fi buƙatarsa. Da yawa daga WRX na waɗannan shekarun kuma suna da wata matatar hayaƙi a cikin bututun da ke hawa zuwa turbo, wadda in zafi ya yi mata yawa take farfashewa, gutsattsarin su shige fankar baya.

Baƙin mai kuwa, cikin injin nan bai kai lita biyar ba. Mai shan lita a kilomita 1,500, in ya yi sakaci wata biyu, ya tashi da rabin mai, kuma metal ɗin injin nan ba ya yafe wannan. Ka riƙa zaro sandar awo duk lokacin da ka sha fetur. Ka sa mai na sintetik mai kyau, kaurin da littafin ya faɗa, ka yi juye kowane kilomita 5,000 zuwa 6,000. Kada ka taka ta da ƙarfi sai mai ya yi ɗumi, shi kuwa yana bayan ruwa da mintuna. In ka yi gudu, ka sassauta a kilomita biyun ƙarshe kafin ka kashe, don kada man da ya tsaya a cikin turbo mai zafi ya soye ya zama gawayi. Fetur kuma mai mafi girman lambar octane, wato ma'aunin juriyarsa ga bugu, da za ka iya samu. In motar daga kasuwar Japan ta fito, ka sani an tsara ta ne a kan fetur mai lamba kusan 100.

Babban turbo fa? Ba na gaba da ƙara wa mota ƙarfi. Motar nan jinin tsere ce, da ƴar'uwarta direban tsere Colin McRae ya ci gasar rali ta duniya a 1995. Kuma gaskiya ne ƙaramin turbonta, TD04, yakan yi haki a saman juyi, in aka matsa masa ya wuce inda ya iya sai ya koma dafa iska maimakon danna ta. Amma ƙarin ƙarfi yana ninka abin da ya tarar ne. In ya tarar da lafiya ya ninka ta, in ya tarar da tsagaggen fistin ya ƙarasa shi a sati ɗaya. Babban turbo kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba, da ayarinsa yake tafe: manyan nozul masu fesa fetur, babban famfon fetur, salansa, kuloci, da mai tsara ƙwaƙwalwa na gaske wanda zai ɗora motar a kan na'urar gwaji, da sansar auna cakuɗi a salansa da abin sauraren bugu a kunnensa, ba wanda zai zuba mata fayil ɗin da ya kwaso daga intanet ba. Giyar motarka mai biyar ce, kuma an san ta da zubar da haƙora idan aka ƙara ƙarfi ana fizgar ta daga tsaye. Ga birki da taya, waɗanda ya kamata su riga komai. Motar tana ja da ƙafa huɗu, tayoyinta dole su zama iri ɗaya masu ci ɗaya. A ƙasashe da yawa ma irin wannan canji sai an sanar da kamfanin inshora, cire matatar hayaƙi kuma laifi ne. WRX mai ƙarfin doki wajen 225 da ke cikin hayyacinta ta fi ƙarfin kowace hanyar da jama'a ke bi. Ina zargin ba ka taɓa tuƙa lafiyayyiya ba. Ka tuƙa ta wata shida yadda aka ƙera ta, canji ɗaya a lokaci ɗaya in ma za a yi, sannan mu sake magana.

Abokinka ba maƙiyinka ba ne. Mai son mota ne da ya san rabin karatu, kuma da zuciya ɗaya ya yi. Sai dai shi tsaki yake ji, kai kake biya. Kada ka je masa da "ka lalata min mota", domin ba ka da tabbacin hakan tukuna, wata ɓarnar ta girmi zuwansa. Ka ce masa kana son a mayar da ita yadda take a auna lafiyarta kafin a sa babban turbo, kuma kana son ya raka ka. Wannan gaskiya ce, ba dabara ba. Ku tsaya tare a kan bakaniken, ya ga allurar geji da idonsa. Geji ba ya jin kunyar kowa, zai faɗi abin da kai ba za ka iya faɗa masa ba. Kayan da aka cire ka wanke ka miƙa masa da godiya. In bayan ya ga lambobin ya ci gaba da matsa maka, sai ka ce masa cikin raha duk wanda ya kawo shawara ya kawo rabin kuɗinta.

Maganar mai ɗakinka ta fi ta motar nauyi, kuma a nan ba zan goyi bayanka ba. Ba motar take ƙi ba, ina jin, ramin da ba ta ga ƙarshensa ba take tsoro, kuma ta fi ka gaskiya tunda kai ma ba ka gan shi ba. Ka ce ba ta san rabin abin da ka kashe ba. To ka sani mata suna da nasu gejin, ta riga ta ji a jikinta, adadin ne kawai ba ta da shi. Ka zauna ka rubuta duk abin da motar ta ci tun ranar saye, har wanda kai kanka kake kunyar tunawa, ka nuna mata kafin a je gwaji, ba bayan an dawo ba. Za ta yi fushi, ka jure, kai ka saya. Sannan ku yanka iyaka tare: ga abin da za a kashe a kan bincike da gyara, ga watan da za a tsaya, in an haura sai a sayar. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, tsohuwar mota mai turbo kullum da abin da take nema, amma wanda za a ci kuɗin gidansa yana da haƙƙin sanin girman ramukan.

Ga yadda nake ganin hukuncin. In silinda huɗu sun fito kusa da juna, yoyon kaɗan ne, sandar turbo ba ta wasa, to ciwonka na tiyo ne da bawul da fulogi da bel, ka riƙe motarka, ka yi sa'a. In turbo ne kaɗai ya tafi, a sa irinsa daidai, a wanke ko a canza bututun da ke kai masa mai da wanda ke mayarwa, a wanke intakula, a ɗura masa mai ta sama a juya sandar da hannu kafin a tayar, sannan a bar shi a sulo ƴan mintuna. In kuwa silinda ɗaya ta faɗi kuma iska na fita ta bakin baƙin mai, aikin sauke inji ne, kuma a yadda ka kwatanta halin gidanka ban ga dalilin shiga wannan ba. Ka sayar, ka nuna wa mai saye takardar gwajin, ka faɗa masa an taɓa ɗaga mata matsi. Za ka samu ƙasa da abin da kake so, amma akwai masu neman irinta don su gina injin da kansu.

In an yi gwajin, ka aiko min da lambobin silinda huɗun, da makin nan na 16, da duk lambar da fitila ta ajiye, da hoton fulogin a jere yadda suka fito.